Binciken damuwar matan aure a Nima da Maamobi: ta ina zan kama?

Rabi_Nima:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina shekarar farko ta digiri na biyu a sashen ilimin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Ghana da ke Legon, lokacin miƙa tsarin bincike kuma ya ƙarato. So nake in duba alaƙar ciwon damuwa da yadda iko ke tafiya a gidan aure a Nima da Maamobi, unguwannin Zango biyu a Accra: wa ke riƙe kuɗi, wa ke yanke shawarar zuwa asibiti, akwai duka ko zagi ko hana fita. Ba na ɓoye cewa ina cikin masu fafutukar haƙƙin mata, kuma burina aikin ya amfani matan unguwa. Wane ma'auni zan ɗauka? Mata nawa za su isa? Sannan kalmar feminizim, in sa ta a takardar da zan kai wa masu unguwa ko in bar ta?

Sista_Fulera:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin ma'auni da adadi, fara da tsaron matan, domin a nan ne irin wannan bincike ya fi cutar da mutane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin binciken cin zarafin mata tun 2001, kuma duk kwamitin ɗa'a mai lura zai nemi ganinsu a tsarinki. A waje, sunan aikin "binciken lafiyar mata da zaman iyali", da shi za ki gabatar da kanki ga mai gida da maƙwabta. Sai kun keɓe ke da ita za ki gaya mata ainihin abin da za a tambaya, ki sake neman yardarta. Mace ɗaya tak a gida. Ba a hira gaban kowa, har yaron da ya fara magana, don yara na kwashe zance su kai wa uba ko kaka. Ki riƙe wasu tambayoyi na daban a kan abinci, rigakafi ko al'ada, ki shaida mata tun farko cewa da wani ya shigo za ki koma kansu.

A Nima kuwa "gida ɗaya" na da matsala. Gidan haya guda na iya ɗaukar iyalai goma, bango ɗaya ya raba ɗaki da ɗaki, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. In kika yi hira da mata biyu a ƙofa ɗaya, kafin magariba kowa ya san tambayoyin. Ki ɗauki mace ɗaya a kowace ƙofar gida, ba a kowane ɗaki ba, hirar kuma a yi ta a wani wuri: ɗaki a asibitin unguwa ranar awon jarirai, ko ajin makaranta bayan an tashi.

Abu_Lissafi:
Adadi ya danganta da abin da kike son faɗa a ƙarshe. In so kike ki ce "kashi kaza cikin ɗari na matan Nima na da damuwa", lissafin da aka saba zai ba ki 384, wato da tabbacin kashi 95 da kuskuren kashi 5. Amma tun da rukuni-rukuni za ki zaɓo gidaje, sai ki ninka da 1.5, ya zama 576. Ƙara kashi 10 saboda masu ƙin amsawa, kin kai 634. Masu tambaya huɗu, kowacce hira uku a rana, kwana 53 na aiki ke nan, ban da horo. Ɗalibar digiri na biyu da ke biya daga aljihunta ba za ta iya ba.

Tambayarki ta alaƙa ce, ba ta yawa ba. Ki bar jimillar makin damuwa a matsayin lamba, kada ki raba mata gida biyu, masu ciwo da marasa ciwo. In abubuwa takwas kike gwada alaƙarsu da damuwa, ƙa'idar Green ta 1991 a kan adadin mutanen da za a tambaya ta ce 50 a tara da takwas sau takwas, 114 ke nan mafi ƙaranci. Ki nufi 200 zuwa 250, ki tabbatar da G*Power, manhajar lissafin adadin mutanen bincike, kyauta ce.

Malam_Sabon_Zango:
'Yata, Allah ya yi wa karatu albarka. Ni tambayarki ta uku ce ta dame ni. Kin ce kina da ra'ayi tun kafin ki fara. To mai binciken da ya san amsar da yake so, me ya rage ya bincika? Mutanen Zango sun sha ganin a zo da takarda, a tafi, a rubuta cewa Musulmi na danne matansu. In aikin nan zai ƙare a haka, gara kada a fara.

Habiba_Madina:
Malam, Allah ya ƙara girma, tsoronka na da tushe, kuma akwai maganinsa a cikin tsarin aikin kansa. Ba mai binciken da ba shi da ra'ayi. Abin da ake yi shi ne a ɗaure hannun ra'ayin. Ta rubuta hasashenta da hanyar lissafinta ta ajiye a shafin OSF, inda masu bincike ke yi wa tsarin aikinsu rajista, da kwanan wata kafin ta taɓa amsa ko ɗaya, yadda ba za ta iya sauya tambaya ba in sakamako bai yi mata daɗi ba. Ta auna abin da ke kare mace tare da abin da ke cutar da ita: goyon bayan dangi, adashi, ƙungiyar biki da suna, makarantar matan aure, mijin da ke raka ta asibiti. Ta kuma sa talauci, cunkoson ɗaki, bashi da rashin lafiya cikin lissafi, don kada a ɗora wa aure laifin da na kuɗin haya ne.

Ta guji kwatanta Zango da wasu unguwanni in ba ta auna su ba. Dukan mata ba cutar Musulmi ba ce. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya ce kusan mace ɗaya cikin uku a duniya ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafin jima'i.

Sista_Fulera:
Na dawo kan ma'auni. PHQ-9, ma'aunin alamun ciwon damuwa, tambaya tara ce a kan makonni biyu da suka wuce, kowacce maki 0 zuwa 3, jimilla 27. An gwada ta a Kintampo, a nan Ghana, a kan mata masu jego tare da wasu ma'aunai biyu, EPDS da SRQ-20, aka buga sakamakon a 2009, ita ce kuma ta fi dacewa a cikin ukun. Sai dai ba da Hausa aka yi gwajin ba, kuma masu jego ne, don haka kada ki ɗauko iyakar maki daga can ko daga Amurka ki ce duk wadda ta kai 10 tana da ciwo. Ma'aunin tacewa ne, ba ganewar likita ba.

Inda take ba da matsala: tambaya ta bakwai tana maganar kasa mai da hankali wajen karanta jarida ko kallon talabijin. Mai sayar da koko ko wake da shinkafa, ki tambaye ta ko tana rikicewa wajen ba da canji ko ƙirga raka'a. Tambayoyin barci, cin abinci da gajiya kuma su uku ne cikin tara, mai ciki ko mai ƙarancin jini ko mai zazzaɓin cizon sauro za ta tara maki a kansu ba tare da damuwa ba, don haka ki rubuta wannan a gefe. Kada ki tattara amsa a watan azumi ko makon da ke bayan salla, barci da ci duk sun sauya. Zaɓin amsa huɗu ma na rikita wadda ba ta saba ba. Zana kofi huɗu a kati, wofi, kaɗan, fiye da rabi, cike, ta nuna da yatsa.

Dan_Fadama:
Ba akwai fassarar Hausa ta PHQ-9 daga Najeriya ba? Ta ɗauko kawai ta huta.

Hajiya_Maamobi:
Ɗana, ba za ta huta ba. Hausar Kano daban, Hausar Zango daban, kuma mata da yawa a Maamobi Hausa harshen kasuwa ne a wurinsu, a ɗaki Dagbanci suke yi ko Zabarmanci ko Kotokoli ko Busanci. Ga yadda ake yi. Mutum biyu da suka tashi a Zango su fassara daga Turanci, kowa shi kaɗai. A haɗa fassarar biyu ta zama ɗaya. Na uku da bai taɓa ganin asalin ba ya mayar da ita Turanci, a gwama. Sannan matakin da ɗalibai suka fi tsallakewa, alhali ya fi sauran amfani: a zauna da mata goma zuwa goma sha biyar, a karanta wa kowacce tambaya, a ce ta maimaita da bakinta me aka tambaye ta, kuma me ya sa ta zaɓi amsar da ta zaɓa. A nan ne za ki gane ta ɗauki "rashin jin daɗi" a matsayin ciwon jiki. Bayan gyara ki gwada a kan mata talatin, ki duba alfar Cronbach, lambar da ke nuna ko tambayoyin abu ɗaya suke aunawa, in ta gaza 0.7 akwai tambayar da ba ta tafiya da 'yan uwanta.

Kuma tun da yawancinsu da baki za a karanta musu, ki naɗi fassarar da murya, masu tambaya su haddace ta iri ɗaya. In kowacce na fassara da ka a filin aiki, ma'auni huɗu kike da shi, ba ɗaya ba.

Rabi_Nima:
Na gode Mama. Tambayoyin cin zarafin fa? Wata ta ce in tambaya kai tsaye, "mijinki na cin zarafinki?"

Habiba_Madina:
A'a, kusan kowa zai ce miki babu. Macen da aka tarbiyyantar da cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ba za ta kira abin da ke faruwa da ita da wannan suna ba. Aiki ake tambaya, ɗaya bayan ɗaya: ya taɓa marin ki, ya ture ki, ya shure ki, ya shaƙe ki, ya tilasta miki kwanciya ba da sonki ba, ya ƙwace kuɗin cinikinki, ya hana ki zuwa gidanku. Kowanne a tambayi ko ya taɓa faruwa, da kuma ko ya faru cikin wata 12 da suka wuce. Sashen da binciken lafiya da yawan jama'a na Ghana ya yi amfani da shi a 2008 da 2022 haka aka gina shi, kuma kyauta ake samunsa. Ki jera daga mai sauƙi zuwa mai nauyi: sana'a da yara, lafiya, shawarar gida, sannan wannan. Kada ki rufe hira a kansa, ki ƙare da abin da ke ba ta ƙarfi da wanda take kai wa kuka.

Lauya_Tudu:
Ta fuskar doka, Dokar Cin Zarafi a Cikin Gida ta 2007, mai lamba 732, ta ambaci na jiki, na jima'i, na tattalin arziki da na zuciya ko baki. In kika bi wannan rabon, sakamakonki zai yi magana da harshen da kotu da DOVVSU, sashen 'yan sanda mai kula da cin zarafi a cikin gida, ke ji. Ki tsaya kan 'yan shekara 18 zuwa sama. Dokar Yara ta 1998 ta sa 18 ne mafi ƙarancin shekarun aure, ta kuma wajabta wa wanda ya san ana cutar da yaro ya sanar da ofishin jin daɗin jama'a. In kika ci karo da amarya 'yar 16 bayan kin yi alkawarin sirri, kin shiga tsaka mai wuya. Iyakar sirrin nan ki faɗe ta tun a takardar neman yarda.

Ki ƙara tambaya ɗaya: an yi wa auren rajista? Tsohuwar dokar auren Musulmi ta ba da mako guda a yi rajista bayan ɗaurin aure, kuma da yawa ba sa yi. Macen da ba ta da takarda tana jin ƙafarta ba ta taka ƙasa sosai in maganar saki ko gado ta taso, wannan ma na iya shiga cikin damuwarta. Bayanan mutane kuma suna ƙarƙashin dokar kare bayanai ta 2012. Lamba a kan amsa, suna a wata takarda daban a kulle, waya da kalmar sirri. KoboToolbox, manhajar tattara amsa a waya, na aiki ba intanet, ki kunna rufe bayanai, ki kashe ɗaukar wurin da aka tsaya, don ya isa ya nuna ƙofar gidan mace.

Malam_Sabon_Zango:
Habiba, na ji bayaninki kuma ya kwantar min da hankali a kan rabin maganar. Sauran rabin: me ya sa sai an aro suna daga Turai? Suratul Mujadala ta sauka ne a kan Khaula 'yar Sa'alaba da ta kai ƙarar mijinta wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ciyarwa, tufatarwa, muhalli, zama da kyautatawa, khul'i in zama ya ƙi, duk haƙƙoƙi ne da malamai suka rubuta. Nana Asma'u, da ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru, tana tura jajis, wato malamai mata, ƙauye-ƙauye suna karantar da mata. In da wannan harshe yarinyar nan ta zo, limamai da kansu za su buɗe mata ƙofa.

Zulai_Legon:
Gaskiya ne Malam, kuma wa masu unguwa da harshen nan ya kamata ta yi magana. Amma abin bai tsaya a Turai ba. A nan Accra aka yi taron farko na masu wannan fafutuka na Afirka a 2006, har suka fitar da kundin ƙa'idojinsu. Kafin nan an yi Kundin Buƙatun Matan Ghana a 2004, matsin lambar ƙungiyoyin mata kuma na cikin abin da ya haifar da dokar 2007 da Lauya ya ambata. Amina Mama, haifaffiyar Kaduna, masaniyar halayyar ɗan Adam ce, kuma tana cikin waɗanda suka kafa mujallar Feminist Africa. A Legon ɗin ma akwai CEGENSA, cibiyar nazarin jinsi, Rabi ta je ta zauna da su.

A kundin digiri dole ta faɗi mahangarta a fili, don mai karatu ya san ta inda ta kalli abin. Wadda za ta fi yi mata aiki ita ce ta Kimberlé Crenshaw ta 1989, cewa wariya kan haɗu ta ninku. Matar Zango mace ce, Musulma ce, sau da yawa mai ƙaramin ƙarfi, wani lokaci kuma ana yi mata kallon baƙuwa ko da kakanta a nan aka haife shi. Damuwarta na iya fitowa daga layin asibiti ko wurin neman katin ɗan ƙasa kamar yadda take fitowa daga ɗakin miji. In aure kaɗai aka tambaya, an bar rabin nauyin a ƙasa.

Hajiya_Maamobi:
A takardar masu unguwa ba a buƙatar kalmar ko kaɗan, ba don ɓoye-ɓoye ba, don sunan aikin a waje lafiyar mata ne kamar yadda Fulera ta ce. Bi da bi ake shiga: sarkin unguwa, limami, ɗan majalisar unguwa, sannan magajiya da shugabannin FOMWAG, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Ghana, na yankin. Amma kada ki bar su su zaɓo miki mata. Magajiya za ta kawo miki na kusa da ita, masu baki da sana'a, wadda aka kulle a ɗaki ba za ta zo ba, alhali ita kike nema. Ki nemi taswirar yankunan ƙidayar 2021 daga Hukumar Ƙididdiga, ki zaɓi yanki da ƙuri'a, ki ƙirga ƙofofi, ki ɗauki kowace ta biyar ko ta bakwai.

Dan_Fadama:
To maza fa? Ana maganar aure amma ɓangare ɗaya za a ji. Akwai magidanta a Nima da haya da kuɗin makaranta suka hana su barci, ba mai tambayarsu. Wannan adalci ne?

Abu_Lissafi:
Tambaya ce mai kyau, kuma jinsi ba mata kaɗai ba ne. Akwai ma'aunin GEM na ra'ayin maza a kan zaman jinsi, da ma'aunin Glick da Fiske na 1996 mai tambaya 22, wanda ya raba ƙiyayya ga mata da irin tausayin da ke mayar da mace ƙaramar yarinya. Sai dai ba a yi wa miji da matarsa tambayar duka a bincike ɗaya. Da ya ji tambayoyin ya san abin da aka tambaye ta. In za a yi na maza, a wata unguwa, masu tambaya maza, kuma aikin wani ɗalibi ne daban. Hannu ɗaya ba zai ɗauki biyun a shekara ɗaya ba.

Zulai_Legon:
Ni ban gamsu da lambobi kaɗai ba. Ta yi hira mai zurfi da mata 15 zuwa 20 tukuna, ta ji yadda suke kiran abin da bakinsu, tunani ya yi yawa, zuciya na tafasa, jiki ya mutu, sannan ta san ko PHQ-9 na kama shi. Hanyar Braun da Clarke ta 2006 mataki shida ce, ta isa wajen fitar da jigogi. Ta rubuta hirar da Hausa, ta yi nazari da Hausa, sai abin da za ta kawo a kundi ta fassara.

Abu_Lissafi:
Hirar awa ɗaya na cin awa biyar zuwa shida wajen rubutawa. Ashirin ya haura awa ɗari. In za ta haɗa biyun, ta rage hirar zuwa goma sha biyu. Kuma ko da 250, bincike na lokaci ɗaya ba ya nuna me ya jawo me. Ta rubuta "suna tafiya tare", kada ta rubuta "yana haddasawa".

Sista_Fulera:
Abu ɗaya ba a taɓo ba, kuma kwamitin ɗa'a zai tsaya a kansa. Tambaya ta tara a PHQ-9 a kan tunanin mutuwa ko cutar da kai ce. Duk wadda ta ba da amsar da ba sifili ba, ba a rufe waya a tafi. Dole a rubuta tun yanzu wa za a kira, a wane asibiti, wa zai raka ta, wa zai biya mota. Ki je da ƙafarki ki ga ma'aikaciyar lafiyar ƙwaƙwalwa ta asibitin yankin da ofishin DOVVSU mafi kusa kafin hira ta farko, ki san ranakun da suke zama. Majalisa ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuka a 2023, amma mata da yawa ba su sani ba, ki gaya musu don su daina tsoron 'yan sanda. Ke kuma mai bincike ce, ba ki da lasisin Majalisar Masana Halayyar Ɗan Adam ta Ghana na yin jinya, kada ki ce wa mace ta bar gida ko ta zauna. Katin wuraren taimako ya zama ƙarami, a cakuɗa shi da lambar asibiti da ta inshorar lafiya, a ba kowace mace, wadda ta faɗi wani abu da wadda ba ta faɗa ba.

Masu tambayar ma mutane ne. Mata, ba 'yan layin da ake aiki ba, horon aƙalla mako guda, hira uku a rana, zama kowane ƙarshen mako su sauke abin da suka ji.

Rabi_Nima:
Allah ya saka da alheri. Wane kwamiti zan kai wa, na jami'a ko na Hukumar Lafiya ta Ghana?

Lauya_Tudu:
Sashenku na bi ta ECH, kwamitin ɗa'a na fannin ilimin zamantakewa a Legon. Amma da zarar kin ce a ɗakin asibitin gwamnati za ki yi hira, kwamitin Hukumar Lafiya ta Ghana ma ya shigo, da wasiƙar daraktan lafiya na yankin. Ki ware wata biyu zuwa uku, ki haɗa fassarar Hausa ta takardar yarda tun a miƙawar farko, don rashinta na sa a dawo da takardu. Wadda ba ta rubutu tana dangwala yatsa gaban shaida, sai dai a nan shaidar bai kamata ya zama ɗan gidan ba.

Hajiya_Maamobi:
Lauya, dangwala yatsa na bar tawada a hannu, ta koma gida a tambaye ta me ta sa wa hannu. Ta roƙi kwamitin ya yarda da amincewar baki, mai tambaya ta sa hannu a madadinta. In sun ƙi, a ajiye ruwa da sabulu a ɗakin.

Malam_Sabon_Zango:
In an gama, wa za a fara karanta wa sakamakon, Legon ko matan da suka amsa? Ni ina ganin a tara su tukuna a makarantar matan aure, da Hausa, kafin a buga ko'ina.

Habiba_Madina:
A karanta wa matan unguwa gaba ɗaya, Malam, ba waɗanda suka amsa kaɗai ba, in ba haka ba gayyatar kanta ta tona su. Rabi, a kasafin kuɗinki ki sa wannan zaman tun yanzu, da kuɗin haya na kujeru da lasifika.